Farin Tabon Zafi a Tebur: Dutsen Guga, Basilin, Makilin, Ko a Kira Kafinta?

Da azumin bara abin ya same ni. Ana dab da shan ruwa, falo cike da baƙi, ƙanwata ta sauko da tukunyar kunun gyaɗa daga wuta ta rasa inda za ta dire ta. Sai ta jawo wani jiƙaƙƙen tsumma ta shimfiɗa a kan tebur, ta ɗora tukunyar. A nata lissafin ta kare teburin ke nan. Sai bayan an dawo daga asham na ɗaga tsumman, na tarar da wani farin zobe mai faɗin faifai, kamar an zuba nono ya bushe a ƙarƙashin gilashi. Na goge da ruwa, na goge da sabulu, ko gezau. Teburin kuwa na madaci ne, na gado, ba irin wanda za a ce a jefar a sayo wani ba.

Kafin sallah an ba ni magani ya fi kala biyar. Maƙwabciyarmu ta ce a shafa bama a bar ta ta kwana. Wani abokina ya ce makilin. Gwaggo ta ce toka da man gyaɗa, haka suka taso suka ga ana yi. Wani yaro kuma ya nuna mini bidiyo a waya ana bin tebur da dutsen guga kamar riga. Duk cikinsu ba maƙaryaci, kowane maganin ya taɓa yi wa wani aiki. Sai dai ba abu ɗaya suke yi wa teburin ba, kuma wanda ya gyara na maƙwabcinka yana iya ɓata naka. Daga lokacin zuwa yau na gwada yawancinsu, a teburina da na 'yan'uwa.

Kafin ka taɓa komai, tsaya ka dubi launin tabon. In fari ne, ko ya yi dishi-dishi kamar hazo, ka yi sa'a, domin katakon bai ma san abin da ake ciki ba. Ɓarnar ta tsaya ne a cikin siririn rufin da kafinta ya shafa ko ya fesa, wanda muke kira banish ko folish. Zafin tukunya ya sassauta rufin, tururi ya samu kafa ya kutsa, da wurin ya huce sai rufin ya sake ɗaurewa da danshin a ciki. Waɗannan ƙananan ɗigogi da 'yan ramukan da suka bari su ke watsa haske har ido ya ga fari, kamar yadda kumfa take fara sol alhali ruwan sabulun ba fari ba ne. Shi ya sa tsumman ƙanwata gara babu da shi: ya haɗa wa teburin zafi da ruwa a lokaci guda. Gumin da ke taruwa a gindin kula ko kofin shayi ma haka yake yi. In kuwa tabon baƙi ne ko ruwan ƙasa, wannan wata magana ce daban, zan zo kanta.

Abu na biyu, ka tabbatar teburin naka katako ne da gaske. Yawancin kayan ɗakin da ake jera wa amare yanzu ba zallar katako ba ne. Garin katako ne da aka matse da gam, aka lulluɓe da takarda mai zanen itace, ko leda, ko fomeka, ko wani siririn fallen itace da kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Leƙa ƙarƙashin teburin ka dubi gefensa. A katako na gaske, jijiyar itacen da ka gani a sama za ta gangaro ta gefe ta ci gaba. In zanen ya yanke tsaf a baki, ko ka ga an manna wani ɗan ƙyalle a kewaye, ko wata kusurwa ta taɓa shan ruwa ta kumbura kamar burodi, to lulluɓi ne. Irin wannan ba ya son zafi ko kaɗan, saboda gam ɗin da ke riƙe da lulluɓin zafi ne ke sake shi.

Shi kuma rufin, sanin irinsa ba wuya. Nemi wurin da ba a gani, kamar cikin ƙafa, ka ɗiga sifirit kaɗan da auduga. In wurin ya yi danƙo cikin daƙiƙu, shelak ne, wani ƙaro da ake samu daga wani ɗan ƙwaro mai zama a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Shi aka fi shafa wa tsofaffin kaya, kuma shi ya fi kowa saurin yin fari, don yana laushi tun zafi bai kai na tafasasshen ruwa ba. In sifirit bai yi masa komai ba amma tina ta narka shi, selulos ne, wanda kafintocinmu ke sirkawa da tina su fesa. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya yaɗa shi a farkon shekarun 1920 don fentin motoci, saboda saurin bushewarsa, masu kayan katako suka ɗauka. In duka biyun sun bar shi yadda yake, to foli ne, wato foliyuritan, wani rufi mai tauri kamar roba, ko banish ɗin mai. Foli ya fi su jure zafi da ruwa nesa ba kusa ba, amma ran da ya ɓaci gyaransa ya fi wuya.

To, maganin da ya fi kowane arha shi ne haƙuri. Sabon tabo marar zurfi yakan ɓace da kansa cikin kwana biyu zuwa mako, musamman da hunturu, lokacin da iska ke tsotse danshi daga komai har leɓen mutum. Da damina kada ka sa rai sosai. Kuma kada ka ce bari ka taimaka wa iskar ta hanyar fitar da teburin tsakar gida ya sha rana. Rana tana kaɗe launin katako, tana kuma sa shi ya banƙare ko ya tsage a mahaɗa.

Sai zafi. Da farko na ɗauka wasa ne a ce zafin da ya kawo ciwo shi ne magani, amma in ka fahimci yadda tabon ya samu, ba abin mamaki a ciki. Danshi ne a kulle, kana so ka sake sassauta rufin ya fice, wannan karon ba tare da sabon tururi ya shiga ba. Hanya biyu ce, dutsen guga ko na'urar busar da gashi, kuma a nan ne zaɓi ya fi buƙatar natsuwa.

Dutsen guga ya fi sauri, ya kuma fi ƙarfi a kan babban tabo. Amma sharuɗɗansa ba a yi musu rangwame. Juye ruwan da ke cikinsa tas, kashe maɓallin tururi, mayar da shi ɗigo ɗaya, wato mafi ƙarancin zafi, wajen maki 110 a ma'aunin Salshiyos. Ɗigo uku na gugar shadda ya kai wajen 200, wannan kuwa ƙona rufin zai yi. Nemi farin yadi na auduga, busasshe ƙamas, tsohuwar singileti ta fi komai dacewa, ka ninka ta biyu. Ban da atamfa, launinta na iya fita ya zauna. Ban da tawul, saƙarsa za ta kwanta a jikin rufin in ya yi laushi, ka wayi gari da zanen tawul a tebur har abada. Ban da duk abin da ke da roba ko aikin zare a jiki. Ka ɗora dutsen kana zagayawa da shi, kada ya tsaya wuri ɗaya, ka ƙirga zuwa goma ka ɗaga, ka ɗage yadin ka duba, ka taɓa wurin da bayan hannu. In ya yi zafin da hannu ba zai iya zama ba, jira ya huce kafin ka koma.

A teburina zagaye na farko da na biyu ban ga komai ba, har na fara tunanin ƙara wuta. A na uku sai bakin zoben ya fara cinyewa daga waje, kamar yadda danshi ke janyewa daga siminti in rana ta fito. Zuwa na bakwai jan madacin ya dawo, sai wani ɗan yanki da ya ƙi. Abin da ya kamata ka tsorata da shi shi ne yadin ya fara kamawa in za ka ɗaga, ko ka ji warin tina yana tashi. Da ka ji haka, cire wuta. Ka kai iyakar abin da rufin zai ɗauka, ƙari ɗaya sai ya yi ƙuraje, a garin neman gira a rasa ido.

Dutsen gawayi fa, tunda ba kullum ake da wuta ba? Ni dai ba na ba da shawararsa. Ba shi da maɓalli, zafinsa na hawa da sauka yadda garwashi ya ga dama, ga toka da tartsatsi na fita ta hujojinsa. In ba yadda za ka yi, bari garwashin ya kusa mutuwa, ka gwada a kan wani yadin har ka ga kana iya ɗora tafin hannu a wurin da dutsen ya bari nan take. Gara ka jira a kawo wuta ko da kwana biyu ne.

Na'urar busar da gashi ta fi jinkiri, takan ci minti biyar zuwa goma sha biyar, wani lokacin fiye. Fifikonta ɗaya ne, amma babba: idonka na kan tabon tun daga farko har ƙarshe, ba yadin da ya rufe maka, ba kuma nauyin da ke danna rufin yana da laushi. Ka sa ta a matsakaicin zafi, ka riƙe ta nesa da teburin kamar ɗani guda, kana kaɗa ta dama da hagu. Ga wanda bai taɓa yi ba, ga teburin da ba ka tabbatar da irin rufinsa ba, ga wanda aka manna wa siririn fallen itace, ita zan miƙa maka kafin dutsen guga. Tsohon tabo mai kauri ne kawai take kasawa a kansa. Duka biyun dai suna jan wuta, ƙaramin janareta sai ya yi ta tari.

Masu basilin da bama su ma suna da gaskiyarsu, sai dai aikin da mai ke yi daban ne. Ka lura da takardar da mai tsire ya naɗe maka nama? Inda mai ya taɓa, takardar takan daina fari, har kana iya hango rubutun bayanta. Mai ya cike 'yan ramukan da ke watsa haske. Haka yake yi a tebur: yana ratsawa sannu a hankali ya cike gurbin, farin ya dushe. Ka shafa da ɗan kauri, ka bar shi ya kwana, da safe ka goge da yadi mai laushi. In ya ragu bai tafi ba, ƙara masa dare ɗaya. Ba ya buƙatar wuta, ba ya ƙona komai, yaro ma zai iya. Tsakanin su biyun ni basilin nake ɗauka. Man da ke cikin bama shi ke aikin, sauran ƙwai ne da ruwan tsami, kuma a zafin bazara kafin asuba ta fara wari, kiyashi sun yi layi har ƙafar tebur. Basilin daga man fetur aka samo shi, ba ya lalacewa, ƙwari ba ruwansu da shi. Man gyaɗa yakan yi ɗoyi in ya daɗe a jikin kaya. Manja kuwa kada ma ya zo kusa, sai dai in jan tabo kake so a madadin fari.

Aibin mai guda biyu ne. Na farko, sau da yawa ɓoye tabon yake yi, ran da aka wanke teburin da omo sai ya sake leƙowa. Na biyu ya fi muni. In rufin ya tsattsage, irin tsagar nan ƙanana kamar ta busasshen tabki, man zai zurara ya shiga katakon ya bar duhu, kuma ba ya fita. Wani dattijon kafinta a unguwarmu, da na kai masa teburin wani ɗan'uwana da aka yi wa haka, ya shafa wurin da yatsa ya sansana ya ce, "Ɗana, me kuka zuba masa?" Na ce, "Mai ne kawai, Baba." Ya girgiza kai ya ce duk inda mai ya shiga itace, sabon feshi ba ya kwanciya, sai ya riƙa janyewa yana barin idanu kamar na kifi. Ya ƙara mini kuɗin aiki a kan haka, ban kuma yi gardama ba.

Daga nan sai masu kankara: makilin, bekin soda, toka, da soson ƙarfe. Waɗannan ba sa fitar da danshi, ba sa cike rami. Suna cinye saman rufin ne har su wuce inda farin yake. In tabon a sama-sama yake, aikinsu kamar sihiri. Farin makilin ake nufi, ba mai kala-kala da ke kama da jeli ba, saboda farin shi ke ɗauke da garin da ke goge haƙori. Ka ɗiba kamar ƙwayar wake a yadi mai laushi, ka bi tsawon jijiyar itacen, ba zagaye ba, ƙasa da minti ɗaya, ka goge ka duba. Ka tuna duk kaurin rufin bai wuce na fallen takarda ɗaya ko biyu ba, abin da ka cinye kuma ya tafi ke nan. A tebur mai sheƙi kamar madubi za ka samu tabon ya tafi amma ya bar wani dusasshen wuri da ake gani in haske ya faɗo ta gefe. A wanda ba shi da sheƙi kuma akasin haka, wurin da ka goge shi kaɗai ke walƙiya.

Tokar Gwaggo tana aiki, amma ita ce na fi ɗari-ɗari da ita. Tokar murhu ba ta rabo da yashi, ƙwaya ɗaya ta isa ta ja layi. Sannan in ta haɗu da ruwa tana da kaifi irin na kanwa, duk wanda ya san ruwan toka a girki ya san haka, kuma wannan kaifin yana cin shelak, in ya kai ga itace irin madaci ya duhunta shi. Bekin soda ma tana da ɗan wannan hali. In dole sai toka, a tankaɗe ta da yadi mai laushi, a kwaɓa da mai, ban da ruwa. Soson ƙarfen da ake magana kuwa shi ne mai laushin nan kamar auduga, mai lamba 0000, da masu gyaran kayan katako ke amfani da shi tare da ɗan mai. Ba sosonmu na wanke tukunya ba. Na ga teburin da aka bi da wannan, sai ka ce kyanwa ce ta yi dambe a kai.

Sifirit da tina aikin gwani ne. Ga shelak, ana ɗan jiƙa yadi da sifirit, jiƙon da in ka taɓa sai dai ka ji sanyi, a shafto wurin sau ɗaya a wuce ba tare da dannawa ba. Ga selulos, kafinta kan yi masa feshin tina kamar raɓa, rufin ya buɗe, danshi ya fita, ya sake rufewa sumul. In aka dace, ba maganin da ya kai wannan tsafta. In hannu ya yi nauyi kaɗan, ka kwashe rufin har ƙasa. Kada ka kuskura ka ɗauko ruwan goge jan farce, yana narka kusan komai. Af, tunda an zo nan: tabon da kwalbar turare ko humra ke bari a kan teburin madubi ba na zafi ba ne, sifirit ɗin da ke cikin turaren ne ya ci rufin. Dutsen guga ba zai yi masa komai ba.

Yanzu baƙin tabo. Wannan alama ce ruwa ya ratsa rufin ya kai ga itacen. Madaci da ire-irensa suna da wani sinadari mai bauri, irin na bagaruwar da majema ke jima da ita, wanda in ya haɗu da ruwa da ƙarfe, kamar gindin gwangwani ko tire mai tsatsa, sai ya rine baƙi kamar tawada. Duk abin da na lissafa a sama ɓata lokaci ne a kansa. Sai an kankare rufin, a wanke wurin da sinadarin okzalik, wanda ke ɗauke irin wannan rini ba tare da ya kashe launin itacen sosai ba. Guba ne, sai da safar hannu, nesa da yara, kuma sai an ɗauraye wurin ya bushe kafin a sa sanfefa. Ƙuna kuwa, irin wadda kaskon turaren wuta ke yi in an manta shi da garwashi, gawayi ce, ba ta komawa itace. Sai kankara, in ta yi zurfi a cike ramin ko a yi faci. Fomeka da ta ƙone ko ta kumbura, sauya fallen shi ne kawai.

In har ta kai ga kafinta, ka ce ya yi saman teburin gaba ɗaya, ba wurin tabon kaɗai ba. Madaci yana ƙara duhu da shekaru, wurin da aka kankare zai fito fayau a tsakiyar tsohon launi. Ka tabbatar ya bi sanfefa daki-daki, mai lamba 120, sannan 180, sannan 220, kuma kada ya yi feshin selulos ranar da hadari ya haɗo, don danshin iska kaɗai ya isa ya sa sabon rufin ya yi fari tun bai bushe ba. Zai tambaye ka selulos ko foli. Teburin cin abinci da yara ke zagayawa, foli. Teburin ado da kake so a riƙa gyara shi cikin sauƙi, selulos, saboda sabon feshi yana narkewa ya haɗe da tsoho, abin da foli ba ya yi.

Ni da za a sake maimaita mini daren nan, zan bar tabon kwana biyu, in bi shi da na'urar busar da gashi, in ya ƙi in ɗauko dutsen guga, abin da ya saura in shafa masa basilin in rufin bai tsage ba. Makilin sai in na riga na yanke shawarar kiran kafinta, in ce bari in gwada sa'ata kafin ya iso. A nawa teburin a basilin na tsaya. Ɗan yankin da ya ƙi yana nan ta wajen taga, in ranar la'asar ta shigo ana ganinsa kamar jinjirin wata. Ƙanwata ta sayo faifai uku a kasuwa ta jera a kai, kuma har yau in ta zo sai ta ɗaga na gefen tagar ta leƙa.